YADDA WARIN NAMIJI YAKE GAGGAUTA BALAGAR MACEN ƁERA

Gabatarwa

Duk mai rumbu, ko mai sito, ko uwargida mai ajiye hatsi a ɗaka, ya san halin ɓera. Yau ka ga guda ɗaya ya gilma ta gindin bango, ka ce ba kome. Kafin wata uku ya cika sai ka tarar buhuna sun huje, kashin ɓera ya cika ko'ina. Mutane da yawa sukan ce ai haihuwa gare shi, shi ke nan. Gaskiya ne yana da yawan haihuwa, amma akwai abin da ke ƙarƙashin wannan, wanda masana kimiyya suka yi shekaru fiye da hamsin suna tonowa.

Abin da suka gano shi ne, macen ɓera ba ta da ranar balaga tsayayya. Lokacin balagarta yana matsowa kusa, ko ya ja da baya, gwargwadon labarin da hancinta ya kawo mata game da waɗanda take zaune da su. Idan ta shaƙi fitsarin ƙaƙƙarfan namiji, sai ta balaga da wuri. Idan kuwa fitsarin mata masu cunkoso take shaƙa, sai ta jinkirta. Wannan darasi zai bayyana yadda haka ke faruwa, da kuma amfanin da manomi da makiyayi za su samu daga saninsa. Ɓeran da za mu yi magana a kansa shi ne ƙaramin ɓeran gida, wanda daga jinsinsa aka samo fararen ɓerayen da ake kiwo a ɗakunan bincike.

Rayuwar ɓera a taƙaice

Macen ɓera takan ɗauki ciki na kwana 19 zuwa 21. Takan haifi 'ya'ya biyar zuwa takwas a ciki ɗaya, wani lokaci ma fiye. Ana haifarsu tsirara, ba gashi, idanunsu a rufe, su kai yaye a wajen kwana 21. Uwar tana iya ɗaukar wani cikin a cikin kwana guda bayan ta haihu. Macen da ta balaga, in ba ta da ciki, takan nemi barbara kowane kwana huɗu ko biyar. A ɗakin bincike ɓera yakan yi shekara biyu ko uku, amma a daji da gidaje da wuya ya cika shekara guda, saboda kyanwa da mujiya da maciji da tarko.

Masana suna gane balagar 'yar ɓera da alamu uku. Ta farko, gabanta wanda yake a rufe tun haihuwa yakan buɗe. Ta biyu, takan shiga neman barbara na farko, ta saki ƙwai. Ta uku, mahaifarta takan ƙara girma da nauyi. Da waɗannan alamu ake auna duk gwaje-gwajen da za mu ambata.

Manzanni iri biyu

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mai karatu ya riƙe kalmomi biyu.

Ta farko ita ce homon. Wannan sinadari ne da wani sashe na jiki yake yi, ya zuba shi cikin jini, jini ya kai shi wani sashe dabam, ya ba da umurni. Watau manzo ne na cikin gida, ba ya fita daga jikin mai shi don yin aikinsa. Babban homon na maza shi ne testosteron, wanda 'ya'yan maraina suke yi. Na mata kuwa shi ne istirojin, wanda mafi yawansa daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa.

Ta biyu ita ce feromon. Shi ma sinadari ne, amma dabba takan fitar da shi waje, ta fitsari ko yawu ko hawaye ko fata, wata dabba 'yar jinsinta ta shaƙa, halinta ko aikin jikinta ya sauya. Watau manzo ne tsakanin gida da gida. Masana biyu, Peter Karlson da Martin Lüscher, su suka ƙago wannan kalma cikin 1959.

A shekarun nan ne aka fara lura da ikon wari a kan haihuwar ɓeraye. Cikin 1955, a ƙasar Holan, van der Lee da Boot suka ga cewa matan ɓeraye da aka tara wuri ɗaya ba namiji, zagayowar neman barbararsu takan rikice ko ta tsaya. Cikin 1956, a Ostareliya, Wesley Whitten ya nuna cewa in aka kawo wa irin waɗannan mata namiji, yawancinsu sukan nemi barbara tare a dare na uku. Cikin 1959, a Landan, Hilda Bruce ta gano cewa macen da ba ta daɗe da barbara ba, in ta shaƙi warin baƙon namiji, cikin ba ya kamawa. Duk waɗannan a kan manyan mata aka gan su. Saura a san abin da ke faruwa ga 'yan mata waɗanda ba su balaga ba.

Gwajin Vandenbergh

Wanda ya amsa wannan tambaya shi ne John Vandenbergh, wani masani a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka. Cikin 1967 ya buga sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ya raba 'yan matan ɓeraye ƙungiya ƙungiya, abincinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. Waɗansu ya rene su tare da babban namiji, waɗansu kuwa ba namiji kusa da su. Waɗanda suka tashi tare da namiji suka riga sauran shiga neman barbara na farko da mako biyu zuwa uku.

To, mene ne a jikin namijin ya jawo haka? Ganinsa ne, ko kukansa, ko taɓawarsa? Cikin 1969 Vandenbergh ya cire namijin gaba ɗaya. Sai ya riƙa ɗebo garin katakon da aka shimfiɗa wa maza a kejinsu, wanda suka jiƙe da fitsari, yana zuba wa 'yan matan. Ba su ga namiji ba, ba su ji motsinsa ba, amma duk da haka balagarsu ta matso kusa. Daga baya aka nuna cewa ɗan ɗigon fitsarin namiji da ake shafa wa 'yar ɓera a hanci kullum ya isa. Tun daga nan ake kiran wannan al'amari da sunan Vandenbergh.

Sai dai wari shi kaɗai bai kai namijin kansa ƙarfi ba. Frank Bronson na Jami'ar Texas da abokin aikinsa Maruniak sun nuna cikin 1975 cewa idan wari ya haɗu da gogayyar jiki, watau namijin yana shinshinarta yana binta, tasirin ya fi na kowane ɗayansu nesa ba kusa ba.

Tushen ƙarfin fitsarin

Ba kowane fitsarin namiji ne yake da wannan iko ba. Na ɗan yaron ɓera wanda bai balaga ba ba ya aiki. Idan aka dandaƙe babban namiji, bayan 'yan kwanaki sai ƙarfin fitsarinsa ya gushe. Idan aka yi wa dandaƙaƙƙen allurar testosteron, sai ƙarfin ya komo. Har mace ma, in aka yi mata wannan allura, fitsarinta yakan soma gaggauta balagar 'yan mata kamar na namiji. Wannan ya tabbatar da cewa manzon cikin gida shi yake haifar da manzon waje: homon na namiji shi ne tushen feromon ɗinsa.

Akwai kuma wani abin lura. Mazan ɓeraye mafaɗata ne, kuma a kowane wuri akwai wanda ya fi ƙarfi, shi ke da yankin. Cikin 1977 Lombardi da Vandenbergh suka nuna cewa namijin da aka ci da faɗa, ya zama na ƙasa, fitsarinsa yakan rasa yawancin ikonsa. Mai yanki yakan bi ko'ina yana yayyafa fitsari ɗigo ɗigo. Na ƙasa kuwa yakan riƙe nasa, ya zubar a kusurwa ɗaya. Ke nan saƙon da 'yar ɓera take samu ba “akwai namiji” kaɗai ba ne. Saƙon yana cewa akwai namiji lafiyayye, mai ƙarfi, wanda ya mallaki wuri.

Hanyar da saƙon yake bi

A ƙasan ramin hancin ɓera, gefe da gefen bangon da ya raba kafofin hanci biyu, akwai waɗansu 'yan bututu biyu. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Ludvig Jacobson, ya yi bayaninsu cikin 1813, saboda haka ake kiransu gaɓar Jacobson. Aikinta dabam yake da na hancin da ke jin ƙamshin abinci. Idan ɓera ya sa hancinsa a kan ɗigon fitsari, gaɓar takan tsotso ruwan ciki kamar famfo. Cikin 1982, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Lomas da Keverne suka nuna cewa 'yar ɓeran da aka lalata mata wannan gaɓa, warin namiji ba ya gaggauta balagarta.

Daga gaɓar Jacobson jijiyoyi suke ɗaukar labari zuwa ƙwaƙwalwa, har ya isa wani ɗan sashe a gindinta da ake kira haifotalamus. Shi ne mai riƙe da linzamin haihuwa. Shi kuma sai ya aika da nasa homon zuwa wani ɗan ƙulli da yake rataye a ƙarƙashinsa, mai suna fituwitari. Fituwitari ya zuba homon da ake kira LH cikin jini. LH ya isa ma'ajiyar ƙwai, ya tashe ta, ta soma yin istirojin. Istirojin ya girmar da mahaifa, ya buɗe gaba, ya shirya jiki don sakin ƙwai.

Saurin wannan aiki abin mamaki ne. Cikin 1974 Bronson da Desjardins suka auna jinin 'yan matan ɓeraye da suka kusa kai girman balaga, bayan an haɗa su da namiji. Cikin 'yan sa'o'i LH ya hau. Kafin rabin yini istirojin ya ninka sau da yawa. Cikin kwana uku ko kusa da haka suka saki ƙwai na farko. Amma a lura da sharaɗin: sai wadda jikinta ya kusa kai. 'Yar ɓeran da ba ta ƙoshi ba, ta tsumbure, wari ba zai yi mata abin da abinci bai yi ba.

Mene ne a cikin fitsarin?

Fitsarin namijin ɓera yana ɗauke da furotin mai yawa, abin da in a mutum aka gani sai a ce ciwon ƙoda ne. Hanta ce take yin wannan furotin, kuma testosteron ne yake ƙara yawansa. Kowane ƙwayar furotin ɗin tana da ɗan aljihu a tsakiya inda take riƙe sinadarai masu wari, tana sakinsu sannu a hankali, don kada warin ya gushe da zarar fitsarin ya bushe.

Milos Novotny na Jami'ar Indiyana da abokan aikinsa sun ware da dama daga cikin waɗannan sinadarai masu wari, suka ba da rahoto cikin 1999 cewa waɗansunsu suna ƙara nauyin mahaifar 'yan mata. Cikin 2011 kuma waɗansu masana a Kaliforniya suka sake gwada su, suka ce a hannunsu ba su kai cikakken fitsari aiki ba.

A Jami'ar McMaster ta Kanada, Denys deCatanzaro ya bi wata hanya dabam. Jikin namiji yana juya wani kashi na testosteron ya zama istirojin, wanda yakan fita ta fitsari. Shi da ɗalibansa sun yi wa maza allurar istirojin da aka sa wa alama, suka haɗa su da mata, daga baya suka sami alamar a mahaifa da ƙwaƙwalwar matan. Sun kuma nuna cewa dandaƙaƙƙen namiji da aka ba istirojin yakan sake samun ikon gaggauta balaga. A ganinsu, mace tana shaƙar homon ɗin kansa ya shiga jininta. Masana suna ci gaba da auna rabon da kowace hanya take da shi, amma duka biyun a wuri ɗaya suka samo asali, watau 'ya'yan marainan namiji.

Saƙon da ke jinkirtawa

Kamar yadda akwai mai tura keke gaba, haka akwai birki. Lee Drickamer ya nuna a shekarun 1970 cewa fitsarin matan ɓeraye da aka cunkusa a keji ɗaya yana jinkirta balagar 'yan mata da kwanaki. Na macen da take zaune ita kaɗai ba ya yin haka. Cire ma'ajiyar ƙwai ba ya kashe wannan iko, amma cire 'yan ƙullin nan da ke bisa ƙoda, waɗanda suke aiki lokacin da dabba take cikin matsi, yana kashe shi. Cikin 1986 Novotny da abokansa suka gano sinadaran da ke wannan aiki, babbansu ana kiransa dimetilfirazin.

Wani zai ce ai wannan duk a keji ne, wa ya san halin ɓeran daji? Adrianne Massey da Vandenbergh suka je suka gwada. A mahaɗar manyan hanyoyin mota na Karolina ta Arewa akwai filayen ciyawa da titi ya kewaye ta ko'ina, kamar tsibiri, ɓeraye suna zaune ciki. Suka riƙa kama su da tarkon da ba ya kisa, da takarda a ciki mai tsotse fitsari, suna kuma ƙidaya yawansu. Sakamakon da suka buga cikin 1980 ya nuna cewa fitsarin matan yana jinkirta balaga ne a lokacin da ɓeraye suka yi yawa a tsibirin. Sa'ad da suke kaɗan ba ya yi. Na mazan kuwa yana gaggautawa a kowane lokaci.

Hikimar da ke ciki a fili take. Dabbar da da wuya ta cika shekara, mako uku ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, domin daidai yake da tsawon ciki guda. In wuri yana da yalwa, ga namiji, gara ta fara haihuwa maza-maza. In kuwa wuri ya cika, abinci zai yi ƙaranci, 'ya'yan da za ta haifa ba lalle su rayu ba, gara ta dakata har ta ƙara ƙarfi ko ta sami sabon wuri.

Darasi ga mai rumbu

Daga nan za mu gane dalilin da ya sa tarko da guba su kaɗai ba sa raba gida da ɓera. In ka kashe rabinsu, ka bar hatsi a buɗe da ramuka a bango, ka rage cunkoso ne, ka sassauta birkin, ka kuma ƙara wa waɗanda suka saura abinci. Ba da daɗewa ba za su cike gurbin. Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka:

1. A ajiye hatsi da gari a cikin mazubi mai murfi, na ƙarfe ko na roba mai kauri ko tukunya.
2. A ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango, yadda za a iya zagaya su a duba.
3. A toshe kowace kafa da siminti ko ragar ƙarfe. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da bai wuce kaurin fensir ba.
4. A nome ciyawa, a kwashe tarkace daga gindin rumbu.
5. In za a ɗana tarko, a ɗana da yawa a lokaci guda, maƙwabta su yi tare, a ci gaba har a daina kamawa.
6. Kada a share kashi da fitsarin ɓera a bushe. A fara jiƙa wurin da ruwan bilic, a goge, a wanke hannu da sabulu. Wani jinsin ɓera dabam, mai nonuwa da yawa, yana yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa.

Darasi ga makiyayi

Abin da aka gani a ɓera an gan shi a dabbobin gida. Tun 1944 masana a Ostareliya suka rubuta cewa tumakin da aka raba da raguna, in aka sako musu rago, da yawa sukan nemi barbara kusan lokaci guda. Haka awaki suke da bunsuru. Cikin 2014 masana a Jami'ar Tokyo suka ware sinadarin da fatar kan bunsuru take fitarwa, wanda yake tada sashen haihuwa a ƙwaƙwalwar akuya. Dandaƙaƙƙen bunsuru ba ya yinsa.

A nan gida ma an gwada. A Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, Rekwot da abokan aikinsa sun buga cikin 2000 cewa karsanun Bunaji da 'yan gauraye da aka kiwata tare da babban bijimi sun riga waɗanda ba su da bijimi balaga da kamar wata uku. Wannan riba ce ba tare da allura ko magani ba.

Amma a yi hattara. Balaga ba ita ce isa ɗaukar ciki ba. Karsanar da ta ɗauki ciki jikinta bai ƙosa ba takan sha wuyar haihuwa, girmanta ya tsaya. Shawarar masana ita ce a jira ta kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniya. A nemi shawarar malamin dabbobi, kuma a tuna cewa kiwo mai kyau shi ne kan gaba.

Gargaɗi

Kada mai karatu ya ɗauki wannan darasi ya ɗora a kan 'yan Adam. A jikin babban mutum gaɓar Jacobson ɗan gurbi ne kawai ya saura, ba ta da jijiyoyin da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙonta a ɓera babu shi a mutum. Lokacin balagar yarinya ya dogara ne mafi yawa ga gado, da abinci, da lafiyar jiki. Yarinyar da alamun balaga suka bayyana mata kafin shekara 8, ko wadda ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, asibiti ya kamata a kai ta likita ya duba.

Tambayoyi don bita

1. Mene ne bambanci tsakanin homon da feromon?
2. Ta yaya aka tabbatar cewa fitsarin namiji ne, ba ganinsa ba, yake gaggauta balaga?
3. Me yake faruwa ga fitsarin namijin ɓera in aka dandaƙe shi, kuma me yake komo da ƙarfinsa?
4. Bayyana hanyar da saƙo yake bi daga hanci zuwa mahaifa.
5. Don me ɓeraye suke sake cika rumbu bayan an sa musu guba?
6. Wane sharaɗi ne makiyayi zai kiyaye kafin ya bari a barbari karsana?